Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan majalisun dokoki: hannunku ake ɗagawa kafin a karya kotu

Masu girma sanatoci da 'yan majalisar wakilai da na jihohi, a duk ƙasar da kuke, assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Na zaɓi in rubuto muku ne ku, ban rubuta wa shugaban ƙasa ko gwamna ba, saboda duk lokacin da aka tashi maganar katsalandan a harkar shari'a ko a hukumomin gwamnati, sunan mutum ɗaya ake kira, ace shugaba ya yi kaza, gwamna ya yi kaza, ku kuma ku sulale ta gefe kamar baku cikin zancen. Alhali kun sani mun sani, a wannan zamanin da wuya kaga shugaba ya turo soja da tankar yaƙi ƙofar kotu. Ƙudiri yake aikowa majalisa, a karanta sau ɗaya sau biyu sau uku, kakaki yace masu goyon baya su ce e, a buga guduma, shikenan an gama. Ku ke tantance alƙalin da za a naɗa, ku ke amincewa da kuɗin da kotu zata samu, ku ke da ikon tsigewa, ku ke gyara tsarin mulki. In kuka ƙi, rabin abinda ake yi wa kotuna da hukumomi ba zai yiwu ba sam.

Ku duba yadda aka yi a Hungari. Jam'iyyar Fidesz ta Viktor Orban ta samu kashi biyu cikin uku na kujerun majalisa a 2010, ba a kama alƙali ko ɗaya ba, ba a daki kowa ba. Kawai majalisa ce ta zauna ta rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62, aka wayi gari a 2012 alƙalai sama da ɗari biyu, cikinsu har da manya masu shugabantar kotuna, an ce su tattara su tafi gida. Kotun tsarin mulki kuma aka ƙara mata kujeru daga 11 zuwa 15 don a samu gurbin cusa nasu. Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarshen 2012 cewa abinda aka yi ya saɓa doka, to amma me aka tsinta? Kujerun an riga an ba wasu, akasarin waɗanda aka kora basu koma muƙamansu ba. Wanda ya shirya abin ya san da haka tun farko, ya san ko an ce masa bai kyauta ba daga baya, aikin gama ya gama. Kuma duk wanda ya ɗaga hannu ranar yana iya cewa shi dokar fansho ya zaɓa, ba ruwansa da wata kotu.

Na El Salbado ma ya fi wannan fitowa fili. Ranar 1 ga Mayu 2021, ranar farko da sabuwar majalisa ta zauna, wadda jam'iyyar Shugaba Nayib Bukele ta mamaye, tun kafin a san waye a wane kwamiti, suka tsige alƙalai biyar na sashen tsarin mulki a kotun ƙoli, suka haɗa da babban lauyan gwamnati, a daren nan kuma aka rantsar da sababbi. Wata huɗu bayan nan, a Satumba, sababbin alƙalan suka ce shugaban ƙasa na iya sake tsayawa takara a jere, abinda kowa ya san tsarin mulkin ƙasar ya hana. Ya tsaya a 2024 ya ci. A 2025 majalisar ta cire iyakar wa'adin ma ɗungurungum. Zaku ce ai mutanen ƙasar na son shi, ya magance musu 'yan daba, kuma gaskiya ne yana da farin jini sosai. Amma dokar da aka sauya ba zata tsaya a kansa ba, duk wanda ya hau bayansa, nagari ko mugu, zai tarar da kotun da aka riga aka koya wa cewa aikinta amsa amin ne.

Na san abinda wasunku zasu faɗa, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Zaku ce su alƙalan waliyyai ne? Ba akwai masu karɓar na goro ba, ba akwai masu bada oda yau wani ya bada kishiyarta gobe a kan magana ɗaya ba, ba akwai shari'ar da ake ɗagewa shekara goma har mai ƙara ya mutu ba? Akwai, wallahi akwai, kuma talaka shi yafi kowa ɗanɗana wannan azabar. Zaku kuma ce ku jama'a suka zaɓa, alƙali ba wanda ya zaɓe shi, don me mutum biyar ko bakwai zasu rushe abinda wakilan miliyoyi suka amince da shi. Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Gyaran ɓangaren shari'a haƙƙinku ne, aikinku ne ma. Sai dai gyara na gaskiya ana gane shi. Baya zuwa sati biyu bayan kotu ta yanke hukuncin da bai yi wa gwamnati daɗi ba, baya zuwa ana saura wata ɗaya zaɓe, baya faɗawa daidai kan alƙalan dake riƙe da shari'ar maigida, kuma ba a gaggauta shi da tsakar dare. In ana so a rage shekarun ritaya don Allah, sai ace dokar zata fara aiki kan waɗanda za a naɗa nan gaba. In ana so a kori alƙali mai cin hanci, ga majalisar kula da harkokin shari'a nan, a kawo hujja, a bashi dama ya kare kansa, a yanke a bainar jama'a. Kuma kafin kowannenku ya ɗaga hannu ya tambayi kansa, wannan ikon da zan miƙa yau, na yarda abokin hamayyar da nafi tsana ya riƙe shi gobe? In amsar a'a ce to ba gyara bane, kun san sunansa.

Shugaba Franklin Roosevelt na Amurka yana da ƙorafi na gaskiya a 1937. Kotun ƙoli ta rinƙa soke dokokin da ya kawo don fidda mutane daga matsin tattalin arziki, shi kuma ya fito daga zaɓen 1936 da ya cinye jihohi 46 cikin 48, jam'iyyarsa ta Dimokurat na da sanatoci sama da 70 cikin 96. Sai ya kawo ƙudirin da zai bashi dama ya ƙara alƙalai har shida, ɗaya a madadin duk alƙalin da ya haura shekara 70 bai yi ritaya ba. Su waye suka kashe ƙudirin? 'Yan jam'iyyarsa ne. Sanata Burton Wheeler, ɗan Dimokurat, shi ya ja ragamar adawa, kwamitin shari'a na majalisar dattawa wanda su ke da rinjaye a ciki ya rubuta rahoto mai zafi yana cewa a yi watsi da shi, a watan Yuli aka mayar da ƙudirin kwamiti da ƙuri'a 70 da 20, daga nan bai sake fitowa ba. Mutanen nan da yawansu suna son manufofin Roosevelt, wasu a inuwarsa suka ci zaɓe, amma suka ce masa a nan kam a'a. Irin wannan ya faru a Najeriya ranar 16 ga Mayu 2006 da majalisar dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta binne gyaran tsarin mulkin da zai ba shugaban ƙasa wa'adi na uku, kuma jam'iyya mai mulki ce ke da rinjaye a zauren. Don haka kada wani yace min ɗan majalisa bashi da yadda zai yi, an yi an gani.

Abinda yafi damuna shine kuna mantawa cewa ku ne na farko da zaku nemi kotun nan. Labarin Tunisiya ya kamata kowane ɗan majalisa ya haddace shi. Tsarin mulkin 2014 ya tanadi kotun tsarin mulki mai mambobi 12, majalisa zata zaɓi huɗu daga ciki, kuma an ce a kafa ta cikin shekara guda bayan zaɓe. Jam'iyyu suka tsaya ja-in-ja, kowa na son nasa, kowa na tsoron na wani, shekara ta bi shekara mutum ɗaya tak suka iya zaɓa, kotun bata kafu ba. Ranar 25 ga Yuli 2021 Shugaba Kais Saied ya dakatar da majalisar, soja suka tare ƙofa, kakakin majalisa Rashid Ghannushi ya tsaya a bakin get an hana shi shiga. Wa zasu kai wa ƙara? Kotun da zata ce wannan ya halatta ko bai halatta ba su da kansu suka kasa kafa ta. A Fabrairun 2022 ya rushe majalisar ƙoli ta alƙalai, a Yuni ya kori alƙalai 57 da sa hannu ɗaya, a 2023 kuma aka kama Ghannushi. Ban ce majalisar ce kaɗai mai laifi ba, amma sakacinta ne ya bar ƙofar a buɗe.

A Nijar ma a 2009 haka jerin ya kasance, da kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazai ta ce wa Shugaba Mamadu Tanja ƙuri'ar raba gardamar tazarce bata halatta ba, majalisar dokoki ya fara rusawa a watan Mayu, sannan ya rusa kotun a Yuni. Ya yi ƙuri'arsa a Agusta, a Fabrairun 2010 soja suka ɗauke shi. Majalisa da kotu tare suke tashi tare suke faɗuwa, wanda ya gaji da jin a'a daga alƙali ba zai daɗe yana jure jin ta daga bakinku ba. In kaga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, kun san sauran.

Sannan akwai katsalandan ɗin da baya yin ƙara, wanda a ganina ya ma fi yawa, wato na kuɗi da na jan ƙafa. Ranar 1 ga Satumba 2017 kotun ƙolin Kenya ƙarƙashin David Maraga ta soke zaɓen shugaban ƙasa, abinda ba a taɓa gani ba a Afirka. Shugaba Uhuru Kenyatta yace ya karɓi hukuncin amma ya kira alƙalan da 'yan damfara, yace kuma za a waiwaye su. Majalisa ta yi maza ta gyara dokar zaɓe don soke zaɓe ya ƙara wahala. Aka zaftare kasafin ɓangaren shari'a har Maraga ya fito gaban 'yan jarida a 2019 yana kukan cewa ayyukan kotuna na tsayawa. Hukumar naɗa alƙalai ta miƙa sunaye 41, shugaban ya zauna a kansu kusan shekara biyu duk da kotu tace ya rantsar dasu, daga ƙarshe a 2021 ya rantsar da 34 kawai. Ba wanda aka ɗaure, amma duk wani ƙaramin alƙali a ƙasar ya karanta saƙon. Sai gashi a 2022 ɗan takarar da Kenyatta ya mara wa baya, Raila Odinga, ya faɗi zaɓe, kuma wannan kotun dai ita suka nufa da kokensu.

Maganar kuɗi ba ƙarama bace ranku ya daɗe. Alƙalin alƙalan da sai ya je gidan gwamnati ya zauna a falo yana jiran a sa hannu a fitar da kuɗin gyaran rufin kotu, ko a bashi mota, ko a bashi gida, da wane ido zai kalli wanda ya bashi ranar da ƙararsa tazo gabansa? Ko mutumin kirki ne an sa shi a tsaka mai wuya, ko ya yi adalci ma jama'a ba zasu yarda ba. A Najeriya an gyara tsarin mulki a 2018 don kuɗin kotunan jihohi su rinƙa zuwa musu kai tsaye, amma sai da ma'aikatan kotu suka rufe kotunan ƙasar kusan wata biyu a 2021 suna neman a aiwatar da abinda ke rubuce. Kasafin nan ta hannunku yake bi. In kuka ga an rage wa kotu ko hukumar zaɓe ko ofishin mai binciken kuɗi kaso daidai bayan sun taka wani babba, kuma kuka wuce da shi a haka, to da ku aka yi.

Ba kotu kaɗai ba. Hukumar yaƙi da cin hanci da ta koma karen farautar mai mulki, wadda fayil ɗin mutum ke ɓacewa ranar da ya sauya sheƙa zuwa jam'iyya mai ci, ya kuma dawo ranar da ya fita, ita ma an kashe ta ko da ginin na tsaye. A Afirka ta Kudu majalisa ce da kanta ta kaɗa ƙuri'a a 2008 ta rushe rundunar Scorpions, masu binciken da suka taɓa manyan jam'iyya mai mulki ta ANC har da Jacob Zuma. Da Thuli Madonsela, mai kare haƙƙin jama'a, ta fitar da rahoto a 2014 cewa dole Zuma, wanda a lokacin shine shugaban ƙasa, ya biya wani ɓangare na kuɗin gwamnati da aka kashe a gidansa na Nkandla, majalisar ta zaɓi ta wanke shi, ta rungumi rahoton ministan 'yan sanda wanda yace wurin wanka da aka gina na kashe gobara ne. Ranar 31 ga Maris 2016 kotun tsarin mulki tace shugaban ya saɓa tsarin mulki, kuma ita majalisar ma ta saɓa. Ya biya rand miliyan 7.8. Daga baya kwamitin bincike na Mai shari'a Raymond Zondo ya bi diddigin yadda aka rarake kamfanin wuta na Eskom da na sufuri Transnet da hukumar haraji, ya kuma ce ƙarara majalisa ta gaza a aikinta na sa ido. Ɗaukewar wutar da mutanen ƙasar suka sha shekara da shekaru tana da alaƙa da wannan shirun.

Haka babban banki, haka hukumar ƙididdiga. A Turkiyya an sauke gwamnonin babban banki uku tsakanin Yulin 2019 da Maris 2021, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022. A Ajantina gwamnati ta sa hannu a hukumar ƙididdiga a 2007, alƙaluman suka daina zama abin yarda har hukumar bada lamuni ta duniya IMF ta tsawatar wa ƙasar a hukumance a 2013. Ku kanku da wane lissafi zaku tsara kasafi in mai lissafin na tsoron faɗin gaskiya?

Yanzu bari in zo kan wanda yafi kusa da ku, wanda ba a rubuta shi a kowane ƙudiri. Kiran waya. Kamun ƙafa. Ɗan majalisa ya kira alƙali ko kwamishinan 'yan sanda ko shugaban hukuma yace yaron nan nawa ne a duba min, ko ya tura sunan ɗansa ko matar amininsa a saka a jerin waɗanda za a naɗa alƙalai, ana ganin wannan kamar taimako ne ko zumunci. Musulmin cikinku sun san hadisin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, manyan Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaid, wanda Annabi (SAW) ke ƙauna, ya je ya nema mata sassauci, Annabi ya yi fushi, yace abinda ya halaka mutanen da suka gabata shine in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Duk kiran da kuka yi, akwai wani a ɗaya ɓangaren da bashi da lambar kowa, gonarsa ce ko gadon marayunsa ko ɗansa dake tsare ba shari'a, kuma shi aka zalunta da wannan kiran. Mutumin da ya tabbatar kotu ta masu uwa a gindin murhu ce ba zai sake kai ƙara ba, zai ɗauki doka a hannunsa, kuma mun ga inda hakan ke kaiwa.

Abinda nake roƙonku ba mai yawa bane kuma duk yana cikin ikonku. In aka turo sunan wanda za a naɗa alƙali ko shugaban hukumar zaɓe, ku tantance shi da gaske, ku tambaye shi katin jam'iyyar da ya taɓa riƙewa da hukunce-hukuncen da ya taɓa yankewa, ku daina ce wa mutum ya rusuna ya wuce don kawai tsohon abokin aikinku ne. Kujerar da doka tace a cike ku cike ta a kan lokaci ko da ba naku zai hau ba. Hukuncin kotu in gwamnati taƙi bi, ku kira ministan shari'a zauren majalisa ya yi bayani, ko da hukuncin ya taimaki ɗan adawa ne. Kuɗin kotu ya tafi kotu kai tsaye, su kuma a binciki yadda suka kashe shi kamar kowa, don cin gashin kai ba lasisin ɓarna bane.

Na san akwai farashi. Wanda yace a'a na iya rasa shugabancin kwamiti, na iya rasa tikiti a zaɓen fidda gwani, ana iya tono masa tsohon fayil. Ba zan ce muku abu ne mai sauƙi ba. Amma kun rantse da littafi mai tsarki zaku kare tsarin mulki, ba wanda ya tilasta muku neman kujerar. Mafi ƙarancin abinda zaku yi mana shine duk ƙudirin da ya taɓa naɗin alƙalai, ko shekarun ritayarsu, ko yawan kujerun kotu, ko tsige shugaban wata hukuma mai zaman kanta, kada a wuce da shi da ihun e da a'a. A ba jama'a lokaci su karanta, a yi zaman jin ra'ayi, sannan a kira sunan kowannenku ɗaya bayan ɗaya ya tashi ya faɗi matsayinsa a rubuta, mu da muka zaɓe ku mu san wanda ya ɗaga hannu.

Wassalam, naku,
wani mai kaɗa ƙuri'a.